Yadda Gwadabe Ya Wanke Garwar Kifin Kwara

A zamanin Turawa, shekarun da gyaɗa ke tashe, an yi wani mutum a Karaye ana ce masa Gwadabe. Ni dai ban san abin da ya iya ba in ban da buɗe baki, amma in ka zauna ka saurare shi sai ka rantse shi ya koya wa agwagwa iyo. Da ƙuruciya ya taɓa zuwa Kano ya yi lebura wajen haƙa ramin famfo, bai daɗe ba aka sallame shi don ya fasa bututu da diga. Wannan 'yar tafiya ita ce jarinsa har ya soma furfura. Ko rijiya ake yasa sai ya zo ya tsaya a baki yana ba da umarni, yana cewa, "Ku bar ni da ruwa. Ni da Bature muka jawo shi daga Challawa har cikin birni." Mutanen gari suka gaji suka laƙaba masa Ba-a-koya-maka, shi kuwa gogan ya ɗauka kirari ne.

A bakin kasuwa akwai kantin wani Kwara, wato Balarabe farar fata, mai sayen gyaɗa, sunansa Salimu. A cikin kantin nan yana da wani akwatin gilashi cike da ruwa, da waɗansu 'yan jajayen kifaye masu baza jela da ya taho da su tun daga Ikko. Mutumin nan ya fi son kifayen da duk kayan kantinsa. A bisa akwatin an ɗora garwar kananzir da aka huhhuda wa gindi, aka cika ta da tsakuwa da yashi da gawayi. Safe da yamma tsohon kukunsa, Baba Liti, yakan ɗebi ruwan akwatin ya zuba a garwar, ruwan ya riƙa ɗigowa yana komawa wurin kifi garai-garai. Yashin cikin garwar kuwa ya daɗe, ya yi wani baƙin kauci mai santsi, amma Salimu ba ya bari a taɓa shi.

A shekarar nan Kwara ya yi niyyar kafa sabon wurin awon gyaɗa a Rogo, yana neman wanda zai riƙe masa sikeli. Mutum biyu ke nema. Akwai Ƙasimu, wani ɗan Rogo da ba ya magana sai ta kama, sannan akwai Gwadabe, wanda tun kafin a ce uffan ya ba da ɗinkin babbar riga. Ana cikin haka kurkunu ya fito wa Baba Liti a ƙafa, ya kasa tsayuwa, ga shi Kwara zai tafi Kano ɗauko sikelin. Gwadabe ya ji labari, ya taho da sauri yana tuntuɓe.

"Maigida, barka da asuba. An tashi lafiya? Ina gajiya? Na ji ana neman mai kula da ruwa, ga ni kuwa a gari ana wahala."

Salimu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Aikin ba shi da yawa. Ka ba su abinci ɗan kaɗan, abin da yatsa biyu za su ɗauka. Ka zuba ruwa a garwa safe da yamma. Cikin garwar kuwa kada ka sa hannu."

"Wannan ai ko makaho ya yi."

"To. In na dawo na tarar da kifina lafiya, sai mu yi maganar Rogo."

Ƙarar motar Kwara ba ta gama ɓacewa ba Gwadabe ya taka benci ya leƙa cikin garwar. Ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu. A ransa ya ce ashe Kwara duk da farar fatarsa ƙazami ne, kuma ga hanyar Rogo Allah ya buɗe masa: in ciyar da kifi kaɗai zai sa a yi maganar sikeli, to wanda ya mai da garwar nan sabuwa fil ai sai a haɗa masa da motar.

Baba Liti na zaune a ƙofar kanti kan tabarma, ƙafa a miƙe, ana naɗe masa kurkunu a jikin tsinke. Ya ga Gwadabe ya sauko da garwa, ya ce, "Malam Gwadabe, ina za ka da ita?"

"Wanka za ta yi, Baba."

"An ce kada ka taɓa."

"An ce da wanda bai sani ba. Dubi wannan kauci. Ko jaki ba ka ba shi ruwan da ya bi ta nan ba."

"Kifin dai da shi suka saba. In ta toshe, Maigida ɗan ɗauraye yashin yake yi da ruwan akwatin, ya mayar."

Gwadabe ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wanke datti da datti ke nan. Baba, da kai ka san ruwa ai da kurkunu bai same ka ba."

Tsoho ya haɗiye maganar, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya gyara zama don ya ga ƙarshen abin da kyau.

A tsakiyar hanya Gwadabe ya zazzage garwar, inda kowa zai gani. Ya kawo sabulun salo da toka da soso, ya dirje tsakuwar nan ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da tsohon yashi ya ɗebo sabo daga bakin rafi, ya tafasa gawayin a tukunya. Bai tsaya nan ba. Ya kwashe kifin ya zuba a ƙwarya, ya tuntsurar da ruwan akwatin kaf, ya goge gilashin da sabulu, ya cika shi da sabon ruwan rijiya. Da la'asar ta yi akwatin nan yana walƙiya, kifin suna ta kewaye kamar baƙi a gidan da ba su sani ba.

Mijinyawa tela, wanda rumfarsa ke jikin kantin, ya leƙo ya ce, "Lallai ya yi haske."

"Haske ma tukuna," in ji Gwadabe. "Wannan shi ake kira aikin famfo. Kwara da kansa zai zauna in koya masa."

A ranar ya tare fataken da za su Rogo, ya ce su shaida wa manoman Rogo da Zoza da Gwangwan cewa sikeli ya zama nasa, wanda ke son a yi masa awo da mutunci ya zo Karaye ran kasuwa ya yi gaisuwa tun da wuri.

Gari na wayewa ya zo kanti yana taƙama, ya buɗe ƙofa, sai ya tsaya cik. Ruwan ya yi fari fat, kamar an wanke gero a ciki. Kifin ma sai sun matso jikin gilashi ake ganin inuwarsu. Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

Lami mai koko, maƙwabciyarsa ce a unguwa, kuma a ƙofar kantin take ajiye tukunyarta. Ta leƙa ta ce, "Malam Gwadabe, ashe kishiyar sana'a na samu? Da ka faɗa mini ai da na kawo maka ƙosai."

"Ke Lami, abin da ba ki sani ba ki bar shi. Ruwa ne ke fitar da ciwonsa. Haka yake yi a Kano."

"A nan Karaye dai da bai yi ba sai da ka zo."

Baba Liti ya ce daga tabarmarsa, "Ruwa ba ya tsami banza. Ka bar shi ya huta, ka rage musu abinci, wataƙila ya kwanta don kansa."

Ina, wa ya ga Gwadabe da haƙuri. Shi a ganinsa wankin jiya ne bai isa ba. Ya sake sauko da garwa, ya sake dirza, wannan karon har da ƙarin sabulu. Ya kuma lura kifin sun yi lakwas, ya ce yunwa ce, Kwara marowaci ne, ya antaya musu dusa cike da tafin hannu. Kafin azahar ruwan ya tashi daga ruwan gero ya koma kunu, har da kumfa a sama.

Jama'a suka fara taruwa. Masu zuwa cefane suka manta da cefane. Gwadabe ya ga idanu sun yi yawa, ya ga lallai sai ya nuna wata gwaninta. Ya warware rawaninsa na baƙin shuni, wanda bai daɗe da karɓowa daga marina ba, ya shimfiɗa a bakin garwa, ya ce yanzu za su ga tacewa irin ta Turawa.

Mijinyawa ya ce, "Rawanin nan fa ko wankin fari bai sha ba."

"Ɗinki aka ce ka iya, Mijinyawa. Na taɓa zuwa na karɓe maka allura?"

"A'a. Shi ya sa har yanzu rigunan mutane ke da wuya."

Aka yi dariya. Gwadabe ya yi kamar bai ji ba, ya riƙa kamfato ruwa yana zubawa ta cikin rawani. Abin da ya ɗigo ƙasa shuɗi ne. Ya ƙara, ya ƙara shuɗi. Wani marini da ke cikin taron ya matso ya duba da idon sana'a, ya ce in aka bar shi ya kwana zai iya rina ɗankwali. Lami ta ce saura daddawa da kuka a sauke.

Yanzu kam zufa ta karyo masa. Ya ruga kasuwa ya sayo alam, irin wanda mata ke jefawa a randa in ruwan damina ya yi laka. Mata ɗan ƙanƙani suke sawa. Shi Gwadabe, da yake ba ya yin abu kaɗan, ya daka dunƙule guda ya juye duka, ya kawo muciya ya motsa. Dattin ya soma dunƙulewa yana sauka ƙasa, ruwan ya ɗan washe daga sama. Ya juyo ga jama'a yana buɗe hannuwa.

"To, ina masu dariya? Ku yi mana mu ji."

Baba Liti ya ce, "Juya ka duba bayanka."

Kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Ɗaya ya kifa ya nuna farin ciki, wani ya bi shi. Kafin a kira la'asar babu mai motsi a cikinsu. Ko masu tsokana sun ji tausayin 'yan halittun nan, sun kuma san yadda Kwara ke zama gabansu yana yi musu magana da harshensu na can. Gwadabe ya ce suma suka yi, ya kwashe su a hularsa, ya ce zai kai su gida ya yi musu magani, ya rufe kanti.

A gida matarsa Hajo ta leƙa hular, ta dube shi. "Malam, wannan fa?"

"Kifin Ikko ne. Sa mai a kasko."

"Na Kwara? Ka kashe wa mutum dabbobi kuma ka cinye?"

"To a zubar? Almubazzaranci haramun ne."

Ta soya, ya cinye shi kaɗai, ya ce ba su ma da daɗi, ƙaya ce zalla. Hajo ta ce tun da aka kawo ta gidan nan take ganin gyaran gangar Abzinawa, amma yau ne ta ga an cinye gangar. Ta ce ya je ya tari Kwara a hanya ya faɗi gaskiya, wataƙila a ji tausayinsa. Ya ce mace ba ta san sha'anin kasuwanci ba, shi yana da dabara.

Dabarar ita ce wannan. Washegari ya tafi bakin kogi wurin Sulle masunci ya samo 'ya'yan ƙarfasa masu rai, daidai girman na Kwara. Ya biya ta wurin dukawa ya samo karan dafi, jan rinin nan da suke rina fata da shi. Ran kasuwa da sassafe, ranar da ake sa ran Kwara, ya jiƙa rinin a tukunyar Hajo, ya riƙa kama kifin ɗaya ɗaya yana tsomawa yana jefawa a ƙwaryar ruwa.

Hajo ta tsaya a kansa ta ce, "Jelar fa? Na Kwara jelarsu kamar mayafi."

"Sai in ce na yi musu aski saboda zafi."

"Hannunka fa?"

Ya duba. Hannuwansa sun yi ja wur har gwiwa. Ya wanke da toka, ya wanke da sabulu, ya goga da dutse, rinin ya ce ai fata ya samu, kuma aikinsa ke nan. Ya zura sabuwar babbar rigarsa, ya naɗe hannuwan a ciki, ya tafi kanti tun kasuwa ba ta ci ba. Ya cika akwatin da sabon ruwa, ya zuba kifin. Daga nesa, in ka kanne ido, ba laifi. Ya lulluɓe akwatin da gwado, ya ce wa Baba Liti kifin sun farfaɗo amma ba sa son haske.

"Ikon Allah," in ji tsoho. "Jiya ƙafata ma ta ce in gaishe ka."

Da hantsi ya ɗaga kasuwa ta cika. Manoman Rogo da Zoza da Gwangwan suka zo kamar yadda aka aika musu, suka durƙusa suna gaida sabon mai sikeli, shi kuwa yana amsawa da ka, hannu a cikin riga, suka ɗauka girman kai ne na manya. Ƙasimu ma ya zo, ya tsaya can gefe. Sai ga motar Kwara, sikeli a baya an ɗaure da igiya.

Salimu ya sauko ya gaisa da mutane, ya miƙa wa Gwadabe hannu. Gwadabe ya rusuna ya ce ai shi bai isa ya haɗa hannu da Maigida ba. Kwara ya yi mamaki, don bai san shi da kunya ba, ya wuce ciki, jama'a suka biyo shi har ƙofa.

"Me ya sa aka rufe su?"

"Hutu suke yi, Maigida. Sabuwar dabara ce. Gara a bar su sai gobe, mu gama maganar Rogo tukuna, ga mutane sun taru."

Salimu ya ɗaga ido ya ga garwarsa tana ƙyalli. Fuskarsa ta sauya. Ya sa hannu ya yaye gwadon.

Ruwan ya zama zoɓo. A cikinsa ga 'ya'yan ƙarfasa sun koma kalarsu ta gado, toka-toka, waɗansu na iyo a karkace, waɗansu sun riga sun kifa. Sulle masunci, wanda ya kawo kifi kasuwa, ya kutso kai ya ce, "A'a, ga nawa nan. Malam Gwadabe, ashe ba miya za a yi ba?"

Kwara bai yi ihu ba. Ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe yana duba ko zai ga ɗaya daga cikin nasa, kowa ya ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya miƙe ya ce a hankali, "Ina kifina?"

"Maigida, su ne. Ruwan Karaye ne ya sauya musu kama. Ko mutum in ya daɗe a wani gari..."

"Fito da hannunka."

"Sanyi nake ji."

Mijinyawa, wanda shi ya ɗinka rigar, ya ce bari ya gyara masa kafaɗa, ya kama hannun riga ya yaye sama. Jan hannu ya bayyana har gwiwa. Wata tsohuwa daga Zoza ta tambaya ko amarya ce aka sa a lalle. Dariya ta ɓarke tun daga ƙofar kanti har rumfar mahauta.

Salimu ya sake tambaya, "Nawa ina suke? Ko gawarsu a ba ni."

Gwadabe ya ce ya binne su da mutunci a gindin bishiya. Lami ta ce, "Wace bishiya? Ƙanshin suyarsu har ɗakina. Ko ɗanɗane bai aiko wa maƙwabta ba."

Wani dattijo daga Gwangwan ya miƙe daga durƙuson da ya yi ɗazu, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, "Maigida, mu dai manoma ne. Wanda ya rina kifi don ya rufe idon mai kifi, in ya riƙe sikeli me zai yi wa buhunmu? In shi ne, gara mu kai gyaɗarmu wani gari." Sauran suka ce haka ne.

Kwara ya kira Ƙasimu ya ce sikelin Rogo nasa ne. Sannan ya juyo ga Gwadabe. Ya ce kai shi gaban alƙali ba zai dawo da kifi ba, kuma ya san ko an sayar da shi da rigarsa ba za su biya ba. Ya ce motar za ta koma Kano da gyaɗa, saboda haka sikelin nan Gwadabe ne zai kai shi Rogo, a ka, in ya ƙi kuwa su haɗu a gaban alƙali.

Haka aka yi. Aka naɗa masa gammo da shuɗin rawaninsa, ƙarti suka ɗora masa ƙarfen nan, ya kama hanya, jajayen hannuwa a sama suna riƙe da kaya, ba halin ɓoyewa. Manoman da suka zo gaishe shi suna biye a kan jakunansu, duk ƙauyen da aka ratsa sai sun tsaya sun ba da labari. Sai washegari ya shiga Rogo, wuya ya sanƙare, babbar riga ta zama tsumma.

Kuna tsammani ya yi shiru? Yana isa bakin kasuwa, tun kayan na kansa, ya soma gaya wa 'yan kallo cewa duk Karaye Kwara bai yarda kowa ya taɓa sikelin nan ba sai shi, don abu ne mai son gwani.

Ƙasimu ya bari ya gama, ya sa aka sauke masa, ya zagaya sikelin ya duba. Ya ce, "Sannu da hanya, Malam Gwadabe. Duwatsun awon fa?"

"Waɗanne duwatsu?"

"Na ƙarfe, waɗanda ake ɗorawa. Ba a awo sai da su."

Gwadabe ya waiwaya ya dubi hanyar da ya biyo. Duwatsun suna Karaye, a ƙofar kanti.

"Ba komai," in ji Ƙasimu. "Tunda kai kaɗai aka yarda ka taɓa, ba ma aika wani ba. Sha ruwa ka juya."